Yatsa na Shida

A Agege, bayan layin dogo,
ɗakina taku huɗu ne da rabi.
Na manna kwalin ƙwai a bango
don hayaniyar danfo ta tsaya a waje.
Ba ta tsayawa. Legas ba ta san sallama ba.

Cikin kwamfutata akwai makaɗa dubu.
Wani mai sarewa a wata ƙasa mai sanyi
ya hura sau ɗaya, aka yanka numfashinsa,
aka jera shi kamar tsire a faranti.
Na saye su duka, kuɗin bai kai na buhun shinkafa ba.
Ba sa neman kuɗin mota,
ba mai cewa yau iyalina ba lafiya.

Akwai jaka guda, an rubuta mata gangunan Afirka.
Na buɗe, na danna.
Kalangu ne, ba musu,
sai dai bebe:
ga murya, babu magana,
kamar wanda ya haddace gaisuwa
bai san wa yake gayarwa ba.

Shi ya kai ni mayankar Oko-Oba,
inda Baba Cindo ke yi wa mahauta kiɗa
tun ina goye.
Na ce, Baba, bugu nake so, ɗaya-ɗaya.
Ya dube ni, ya tofar da goro.
Ya ce, kiɗa ne ko ƙirgen awaki?

Ya zo dai, ran Talata, da warin kitse a rigarsa.
Muka jira Iya Bose ta kashe janareta.
Na sa masa abin ji a kunne, ya fizge,
wai yana jin kansa a ƙasan rijiya.
Buga a hankali, Baba. Ya buga.
Matse tsarkiya. Sassauta. Ƙara.
Arba'in da bakwai na ɗauka,
kowanne na raɗa masa lamba.
Ya ce, wannan da ka kira sha tara
rabin sunan wani mahauci ne, Ɗanbaba na Sabuwa,
ka raba shi da wutsiyarsa.
Na yi dariya. Na ba shi dubu takwas da ruwan leda.

Da damina ya rasu.
Ruwa ya cika kwata, gawar ma sai da ta jira.

Yanzu yana kwance a ƙarƙashin yatsuna,
baƙi da fari, daga hagu zuwa dama.
In na so ya yi sauri, ya yi.
In na so ya hau inda fatar akuya ba ta kaiwa, ya hau.
Bai taɓa ce mini a'a ba,
abin da ke damuna ke nan.

Wata yarinya daga Surulere ta sayi kiɗan,
na ji shi a motar wani, kan gadar Oshodi,
direba na kaɗa kai, bai san
ana kiran rabin mutum a lasifikarsa ba.

A lamba talatin da ɗaya akwai wani ɗan ƙaras,
bayan bugun, kafin shiru.
Manhaja ta ce datti ne, in goge.
Na ƙara murya, na saurara har sau goma:
yatsan nan ne na shida, wanda ya ba shi suna,
ya gogi fata a kan hanyarsa ta komawa.
Can bayansa hon ɗin okada,
da Iya Bose tana kiran ɗanta.
Na bar shi.

Ƙarfe biyun dare, unguwa ta yi sanyi,
nakan danna sha tara, in bi ta da ashirin,
in bi ta da bakwai, in bi ta da arba'in,
ina neman wutsiyar Ɗanbaba.
Jiya na ji kamar na kusa.
Sai aka ɗauke wuta.