Mai Rabon Ruwa a Kwarin Fargana

Mabuɗin ƙofar ruwa yana wuyana
shekara talatin da ɗaya ke nan.
Ni ne Shodmon. Kakana ya riƙe shi
tun kogin Sir Darya bai san fasfo ba.

Da asuba nakan tsoma sandar awo.
Jiya ta jiƙe taƙi uku,
yau biyu da ɗan yatsa.
Na rubuta, na lashi fensir, na sake rubutawa,
ko lambar za ta ji kunya ta ƙaru.

Can bisa duwatsu, bayan shingen waya,
Toktosun ke gadin madatsa.
Tare muka yi soja, bargo ɗaya muka raba.
Ya san ba na cin albasa,
na san sunan goɗiyarsa.

Su a wurinsu ruwa lantarki ne.
In ƙanƙara ta toshe ƙofa, yara na makyarkyata,
sai su saki kogin ya juya inji,
ya gangaro mana a tsakiyar sanyi,
ya kwanta a gonar da ba kowa.
In zafi ya zo, auduga ta buɗe baki,
su kuma tari suke na sanyin gaba.
To, wa zan zaga?
Uwar da ke so ɗakinta ya yi ɗumi?

Gulnisa ta buga mini taga da tsakar dare.
Awa ɗaya, in ji ta,
don inabin da marigayi ya dasa.
Na yanko mata rabin awa daga rabon ƙanena.
Kwana tara bai amsa sallamata ba.

Manya sun zauna a birni, an sa hannu, an ɗau hoto,
kowa da gorar ruwa a gabansa.
Takarda ta iso da hatimi biyu.
Na kai ta bakin magudana, na karanta da ƙarfi.
Kwaɗo ne kawai ya tanka.

Daren jiya na kira Toktosun.
Ya tambayi gwiwata, na tambayi jikokinsa.
Ban ce ruwa ba, bai ce ruwa ba.
Can sai ya ce:
ƙanƙarar kan dutse da muke taɓawa muna samari
ta ja baya, Shodmon,
yanzu sai ka yi tafiyar wuni.

Muka yi shiru, kuɗin waya na ƙonewa.
Ta bayan numfashinsa
ina jin kogin yana bugun bango.