Saura Kaɗan Sha Biyu

Mun baro Chacabuco da manyan motoci sha tara,
kowace da firjinta maƙare da kifi,
kowane firji bakinsa buɗe yana neman wuta.
A ƙasan jirgi, inda rana ba ta leƙowa,
janareta uku ne, ni ce ta huɗu,
sai Don Eladio Barría a kujerarsa mai ɗingishi.

Na Ɗaya ke aiki. Na Biyu na kwance da ɗuminsa.
Na Uku mako guda ke nan yana hutu,
littafin awoyi ya ce ya fi 'yan'uwansa shan wuya.

Ƙarfe uku saura, Ruperto ya kunna tandun burodi.
Allurar nauyi ta ɗaga kai:
saba'in da takwas, tamanin, tamanin da biyu.
Hannuna ya miƙe da kansa.
"Yasna," in ji tsohon, idonsa na cikin kofi,
"ƙirga talatin.
Nauyin da ya zo wucewa, ba a tada mai barci dominsa."
Na ƙirga. Allura ta ƙi sauka.
Na tada Na Biyu.

Tayarwa ba komai ba ce,
gaisuwar ce abin tsoro.
Akwai wani agogo a jikin allo, hannu ɗaya, babu lamba.
In ya bi hagu, baƙon ya yi nawa,
in ya zabura dama, ya cika gaggawa.
So ake ya bi dama sannu,
tafiyar mai ɗauke da ƙwai a kan benen da ke lilo.
"Kada ki jira sha biyu cif.
Kafin yatsa ya gaya wa ƙarfe, lokaci ya tsere.
Saura kaɗan. Nan ne."

Na danna. Ƙas!
Fitilu ko ƙiftawa ba su yi ba.
Murya biyu ta koma ɗaya a tafin ƙafata,
na raba musu kayan, arba'in da ɗaya, arba'in da ɗaya.

Sau ɗaya tak ya taɓa ba ni labarin:
yana saurayi, a bakin Corcovado,
ya haɗa su allura na kallon ƙasa.
Duhu ya haɗiye jirgin, sitiyari ya mutu a hannun kyaftin,
minti huɗu teku na tura su wajen duwatsu.
Tun ranar da tocila a aljihu yake zuwa ko coci.

Da asuba burodi ya gasu, tanda ta mutu,
iska ta yi sanyi har firjoji suka rage ci.
Inji biyu a kan aikin ɗaya ɓarnar mai ce,
ga baƙin hayaƙi da ke toshe musu maƙogwaro.
"Ba a kashe mai kaya a ka," in ji shi.
Sai na riƙa sauke wa Na Ɗaya, kaɗan, kaɗan,
har dab da sifili, ban bari ya tsallaka ba,
don wanda ya tsallaka ya zama kaya,
ɗan'uwansa ne zai dinga jan sa.
Na raba su.
Na bar shi minti biyar yana juyi hannu rabbana,
zafin cikinsa na fita.
Sannan shiru a gefen hagu.

Tun watan Yuni yake miƙo mini abubuwa:
littafin, sai makullan sito, sai gadin dare.
Yau ko maɓalli ɗaya bai taɓa ba.

A Puerto Montt 'yarsa na jira da a-kori-kura,
akwai gonar dankali a Quemchi da ta gaji da jiransa.
An ɗaure jirgi, motoci sun fara hawa tudu,
shi yana zaune, yana shanye sauran kofinsa.
Na duba agogo. Ban ce masa komai ba.

Da ya hau matakala, kujerar ta ɗan gyaɗa.
Tocilar na kai.