Harufa Huɗu

Tanimu ya kawo kwalabe bakwai a bayan babur,
shida daga rijiyoyin Tudun Jukun,
ɗaya daga bakin Kubanni, inda ake wanki.
Ruwa garai-garai. In ka ɗaga shi ga hasken taga
sai ka rantse babu kowa a ciki.

Alhali gari guda ne a ɗigon da bai cika tsinin allura ba,
da masu gida, da baƙi, da ɓarayi,
kowa da zaren asalinsa naɗe a cikinsa.
Harufa huɗu kacal ake ta juyawa,
yadda Baba ke juya allura a wuyan riga
a zaurenmu na Unguwar Juma:
soka nan, fito can, sai ga aska takwas.

Ni aikina warware zaren.
Na'ura na karatu, ina gadinta,
kunnena ɗaya yana wurin janareta,
don in ya mutu, aikin kwana uku ya bi ruwa.
Daren nan sau biyu yana tari.
Na fita da tocila a baki, ina lallashinsa kamar jinjiri.

Gwaggo Uwani ta tare ni a gidan suna:
"To, ku me kuke sayarwa a wurin naku?"
Na ce ba komai.
"Riba fa?" Na ce babu.
Ta dubi takalmina, ta ce ai ta gani.

Ban ba ta labarin yaron Hayin Dogo ba,
wanda magani uku suka bi ta jikinsa kamar ruwa a kwando,
sai da muka bi ƙwayar da ke cinsa
layi-layi, har inda ta koyi taurin kai,
Dokta Kubura ta kira Shika ta faɗi sunan na huɗu.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Lamba ce a jikin kwalba, tamanin da shida.
An ce yanzu har ƙwallo yake bugawa. An dai ce.

Tallafin bana zai ƙare da kaka.
Mun aika wasiƙu. Shiru.

Ladanin Samaru ya riga na'ura gamawa.
Can sai kwalba ta biyar ta fara magana,
harafi na bin harafi,
kuma na san zaren nan, bara da damina mun haɗu.
Shayina ya huce. Na jawo takarda:
wace rijiya ce?
Ga rubutun Tanimu nan mai karkata,
ta bayan firamare.