Ranar da Hannun Baba Ya Yi Rawa

A shagonsa na Ƙofar Guga
Baba Tasi'u ya ɗaga almakashi
ya tsaya kallonsa
kamar tsohon abokin da sunansa ya kwanta masa.
Ba gumi, ba karkarwa, ko yunwa bai ambata ba.
Lurwanu yaron shago ya ɗauka wasa ne
sai da goshin Baba ya sauka kan keken ɗinki.

Na huda yatsarsa. Biyu da ɗigo uku.

Da can jikinsa na da 'yan aike biyu.
Ɗaya ya ruga wurin hanta:
buɗe rumbu, gari ba tsaba!
Ɗaya daga saman ƙoda
ya buga ganga a ƙirji,
ya jiƙa goshi, ya kaɗa yatsu,
har mutum ya lalubi dabino.
Shekara ashirin da biyu ana sukar cinya,
na farkon ya daɗe da yin shiru,
na biyun kira ya dushe masa murya.
An ce yau da gobe kan sa allura ginin rijiya,
ban san a jikin ubana za ta gina ba.

A ɗakin gwaji ni ce Barira mai lambobi.
Mu sauke sukari sannu, likita na tsaye,
mu ɗebi jini, mu jira wanda zai amsa.
Kwalba ta sha ɗaya ba suna a jikinta,
amma layin adirenalin ɗinta
kwance yake ɗoɗar kamar titin Jibiya,
na kuwa san mai irin wannan shirun.

Likita ta ce, makaɗin bai mutu ba, ya saba ne.
Ku hana sukarin faɗuwa 'yan makonni,
wataƙila ya farka.
Wataƙila, ta sake cewa.

Aka rage allurar dare.
Inna ta cusa dabino uku a kowane aljihu.
Ƙarfe uku nakan tashe shi da fitilar waya,
ya miƙo yatsa yana mita:
kun mai da ni jinjiri.

Alhamis ta biyar, gab da azahar,
zare ya ƙi shiga kafar allura.
Ya gwada, ya sake gwadawa.
Gumi ya tsattsafo ƙarƙashin hula.
Barira, ya ce, jikina rawa yake.

Inna ta toshe baki da gefen mayafi.
Ni kuwa dariya ta kuɓuce mini,
ina zuba zuma a cokali,
hannuna ya fi nasa rawa.