Digiri Talatin

Dare uku ke nan ina gaban kwamfuta a Aliero,
janareto na tari a bayan ɗakin gwaji,
warin albasa na shigowa ta taga daga rumfunan Nomau.
Na zana tiransifoma mai layi uku,
ja, rawaya, shuɗi.
Naɗin farko na ɗaure shi kamar murhu, duwatsu uku na kallon juna,
na biyu na yi masa ɗaurin tauraro, cibiyarsa a ƙasa.
Na danna. Igiyoyin wuta suka taso suna lanƙwasa.
Amma mai shiga daban, mai fita daban,
digiri talatin a tsakaninsu,
ba ƙari, ba ragi.

Na ce karaya ce.
Ai a garin masu ɗori nake:
na ja, na miƙar, na sake ƙirga naɗi,
na goge waya, na sake zanawa.
Ƙashin ya ƙi komawa inda nake so.

Da hantsi Malama Tumba ta leƙo, hannunta duk alli,
ta dubi allon, ko zama ba ta yi ba.
"Hakilu, me kake ɗorawa a nan?
Lafiyarsa ƙalau, haka aka haife shi.
Murhu yana shan wuta tsakanin layi da layi,
tauraro yana bayarwa tsakanin layi da cibiya.
Dubi agogo: dogon hannu a sha biyu, gajere a sha ɗaya.
Tazarar ke nan.
Abin tsoro shi ne ka haɗa shi aiki
da wanda agogonsa ke kan ƙarfe ɗaya.
Wuta za ta yi ta kewaya tsakaninsu kamar tsegumi
har mai ya tafasa,
unguwa ta kwana a duhu, a ce aikin aljanu ne."

Ta wuce abinta. Na bar igiyoyin yadda suke.

Da yamma, a lungun bayan tasha,
na ji lugude ta kan katanga:
taɓare uku, turmi ɗaya,
kowace na sauka a gurbin da 'yar'uwarta ta bari.
Na tsaya ina ƙirgawa kamar wawa
har mai kabu-kabu ya yi mini hon.

Na kira Inno a Kamba, na ce mun sha ruwa.
Ta ce su da saura, rana ba ta gama faɗuwa ba,
in dakata mata a waya
har ladaninsu ya kira.