Faifan da Muka Ɗauka a Ɗakin Girki

Gwaggo Herminia ta ce ba ta hawa jirgin ruwa
ta je Santiago ta yi waƙa a ɗaki marar taga.
Mai son muryata, in ji ta,
ya san hanyar tsibirin Chiloé.

Na rataya barguna a bango,
na sauke agogo, na kori kaji.
Ruwan sama ne kaɗai ya ƙi koruwa.
Yana bisa kwano tun daga waƙar farko,
in ka kasa kunne za ka ji shi.

Shekara arba'in da ɗoriya tana rerawa ita kaɗai,
ita da jitarta mai tsagaggen ciki,
ranar tonon dankali, daren zaman makoki.
Da murya ta sirance
ta ce a kira mata mutane.

Nicandro ya zo daga Veracruz
da molon da ya fi shi tsawo,
sai da muka cire ƙyaure.
Bakinsa na gudu kamar wanda ya hango mai binsa bashi.
Gwaggo ta ajiye ludayi:
Ɗan nan, wa ke korar ka?
Kwana biyu suna ja-in-ja,
shi ya rage, ita ta ƙara,
suka haɗu a tsakiyar baiti na uku.

Remedios ta Cádiz
tana haɗiye ƙarshen kalma kamar romo mai zafi.
Evaristo, baƙin dattijo daga gaɓar Peru,
ya zauna kan akwati,
na je ɗauko masa kujera,
ashe akwatin ne gangarsa.

Sifaniyanci ɗaya suke yi, haka aka ce.
Amma a teburin nan wake ma suna uku gare shi,
kuma kowa da inda yake ajiye numfashi.

Waƙa tara. Na fara naɗe wayoyi.
Sai ta sauko da gwangwanin biskit daga saman kabad,
ta ciro kaset, rubutun jikinsa ya koɗe.
Baldomero.
Masunci ne, mai akodiyan,
teku ta riƙe shi tun ban yi wayo ba.
Ranar da zai ɗauki wannan waƙa ya aiko ta zo,
ta yi fushi kan wata magana
da yau ta ce ba ta tuna,
ba ta je ba.

Na danna.
Ya rera layinsa, ya yi shiru daidai tsawon nata.
Ya sake rerawa, ya sake barin fili,
kamar mai cin abinci yana ture rabo gefen kwano.
Can nesa wani kare na haushi
wanda ƙashinsa ya daɗe da zama ƙasa.

Shi yana da talatin da huɗu.
Ita saba'in da shida.

Sau bakwai muka gwada.
Kaset ba ya rage gudu don tsufan kowa.
Kafin ta cika ƙirji ya wuce,
kafin ta rufe baki ya shigo.
Na ce, Gwaggo, na'ura na iya ja miki shi baya,
ko minti ɗaya kike so.
Ta harare ni.
Mutumin da bai taɓa jira na a bakin kwata ba
kai ne za ka koya masa?

A na bakwai ta makara da numfashi guda,
wutsiyar muryarta ta hau kan farkon tasa,
suka ɗan jima tare,
abin da ba a rubuta a waƙar ba.

Na kai hannu zan goge.
Ta ce bar shi.
Mai da agogon nan, dankali ya nuna.