Zangon Sama

Ranar Laraba, bayan isha'i,
Mutawakilu mai gyaran rediyo
kan fito da talabijin ƙofar shagonsa a Aboabo,
ya yaye mata mayafi a hankali
kamar mai buɗe tukunyar biki.
Shekarar da ruwan Akosombo ya ja baya ce,
wuta sai ta ga dama,
don haka batirin tsohuwar motar goro ke ciyar da ita.

Ba a biyan ko fesuwa.
Doka ɗaya ce: wanda ya yi surutu
shi zai hau kwano ya riƙe eriya.
Na riƙe sau shida.
Daga can sama na ji yaƙi biyu da kunne,
taurarin gaske na kallona, ban ko kula su ba.

Jirgin kamar ludayi yake,
da sunan muka bar shi, na Turancin ya fi ƙarfin harshenmu.
Kyaftin mai safar hannu ɗaya,
bai taɓa gudu ba, ko da ƙararrawa na kuka.
Ga mutum-mutumin ƙarfe, Gwangwani muke ce masa,
tafiyarsa ta liman mai ciwon gwiwa.
Ga wata mai ido uku da ke jan tuƙi,
ita ce Fuseini ya rantse zai aura.

Tafinta Issaka tela ne, ajinsa huɗu a boko.
Inda Turanci ya kubce masa sai ya yi ƙari:
"Kyaftin ya ce ku biya bashin ɗinki!"
Muka yarda. Wa zai musa?

Wata rana kakata Zuwera ta tsaya
da ƙwaryar koko a ka, ta dubi gilashin.
"Ina za su?"
Na ce suna neman wurin zama.
"Daga ina?"
Na ce kowa da duniyarsa, jirgi ne ya tara su.
Ta yi tsaki mai taushi.
"Ashe zango ne. Ka duba lungun nan:
Bamoshe, Badagombe, Bazabarme, mu.
Kakanka ma kwana uku ya ce zai yi a Kumasi,
goro ya zo saya."
Tun daren nan take aiko min da kujera 'yar tsugunne
in kama mata wuri a gaba.

Daren ƙarshe, unguwa ta cika har bakin kwata.
Jirgi ya doshi wata farar duniya,
Kyaftin ya fara zare safar nan,
sai batir ya mutu.
Hoton ya tsuke, ya zama ɗigo, ɗigon ya tafi.
Ba wanda ya tashi.
Mutawakilu ya mari akwatin, ya sake mari,
sannan ya zauna tare da mu.

Shekara arba'in ke nan.
Jiya Rahinatu ta shigo rumfata a Kejetiya
da waya a hannu: "Baba, na samo maka shi."
Ashe Gwangwani ja ne.
Ashe zare ne ke riƙe da jirgin,
ga shi nan siriri, ina ganinsa da tabarau.
Duwatsun kwali ne, har ɗaya na motsi.
Ta yi dariya har da hawaye.
Ni ma na yi hawayen, ban ce mata na mene ne ba.

Da aka kai wurin safar
na ɗora babban yatsa, na tsayar.
"Saura minti bakwai fa, Baba."
Na sani.
Zuwera na kwance a maƙabartar Tafo,
Mutawakilu ma, Issaka ma.
Fuseini na Italiya, bai auri mai ido uku ba.
Tare muka hau jirgin nan,
ban ga dalilin sauka ni kaɗai ba.

Na miƙa mata wayar.
Wani ya tsaya yana taya fitila,
na ce sidi talatin, ya ce ashirin.